Kuɗin Cizon Fakku

Aikin farko da na ci abinci da shi a duniya shi ne feshin maganin sauro. Ni ɗan Tambuwal ne, na yi 'yar elemantare na tsaya, kuma saboda na iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani sai aka ɗora ni a kan mutum shida, ana ce mini helma. Aka tura mu wani gari a ƙasar Kebbe, daga nan muke zagaya ƙauyuka. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasunsu ma har gaishe ni suke zuwa yi.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Sau biyu a shekara muke shiga kowane ɗaki, mu sa a fitar da kaya, mu dama wani farin gari a ruwa, mu zuba a famfon da ake goyawa a baya, mu feshe bango da cikin jinka. Shekarun farko abin kamar sihiri. Sauro ya mutu, ƙuda ya mutu, kyankyaso ya mutu, kuɗin cizo kuwa da tsintsiya mata suke share gawarsa. Abin da ya fi wannan duka, ƙarshen damina ya zo, lokacin da zazzaɓi ya saba kwashe yara, sai aka ga masu haƙa kabari suna zaune ba aikin yi. Tsofaffi mata suka riƙa tare mu a hanya suna sa mana albarka. A garin na sami mata, kuma ba na ruɗin kaina cewa kyan fuskata aka duba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, kuɗin cizo ya dawo, kuma bai dawo da sallama ba. Mu feshe ɗaki ranar Litinin, ranar Alhamis maigidan ya tare ni ya ɗage hannun riga ya nuna mini dantsensa duk ya yi ruɗu-ruɗu. Na ƙara yawan garin da muke damawa, a banza. Na feshe ɗakina da hannuna har sau biyu, saboda a lokacin matata tana goyon 'yarmu ta fari, amma da safe sai in ga ɗigon jini a zanen goyon.

Mai garin yana da ƙane, mai fataucin goro. Ya je Kurmi sau uku, saboda haka babu abin da bai sani ba a duniya. Shi ya fara cewa ya ga irin farin garin namu a wata kasuwa ana aunar wa masu ajiyar wake. Wataƙila ya gani ɗin, ban ƙaryata shi ba, amma dai ba daga hannuna ya fita ba. Kafin mako ya zagayo magana ta zauna daram a bakin kowa: helma yana sayar da maganin hukuma, yana dama farar ƙasa yana fesa wa mutane.

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin fushi, har yau ban warke ba. Maimakon in je in gaishe shi in ba shi haƙuri kamar mai hankali, sai na same shi a rumfar mahauta ranar kasuwa, na ce masa in yana son sanin inda kuɗin cizo yake fitowa ya zazzage shimfiɗar jakunansa. Aka yi dariya, na ji daɗi na kamar minti biyu. Kashegari baran mai gari, wani dattijo mai furfura a gemu, ya yi sallama a ƙofar gidana ya ce ana nemana da hantsi.

A nan tsoro ya fara shigata. Ina yaro na taɓa ganin an wuce da wani mutum ta Tambuwal, igiya a ƙugu, ɗan doka a bayansa, za a kai shi Sakkwato. An ce kayan hukuma ya taɓa. Abin da ban taɓa mantawa ba, takalminsa ɗaya ya tsinke, yana tafe yana jan ƙafa, ba a bar shi ya tsaya ya gyara ba. Tun daga ƙofar gidana har zuwa zauren mai gari takalmin nan nake gani.

Ina da abu ɗaya tak da zan kare kaina da shi, shi ma aro na yi. Da ranin da ya wuce an aiko mana wani Banufe daga birni, muna ce masa malamin sauro. Aikinsa ya shiga ɗaki da wani bututun gilashi, ya zuƙo sauro da ransa, ya saka shi a kan takarda mai magani ya zauna yana kallo. Na raka shi kwana biyar, ina yi masa kallon mara aikin yi. Ran da zai tafi ya ce mini in shirya, maganin nan zai daina ci. Na ce ko ƙwarin sun saba da shi ne, kamar yadda mai shan taba yake sabawa? Ya ce a'a, ba wanda ya saba, wanda magani ya kama ya mutu ke nan. Amma tun kafin mu zo, a cikin tarin ƙwarin akwai 'yan kaɗan da aka halitta da tauri, maganin ba ya yi musu komai. Mu muka kashe sauran, muka bar wa waɗannan ɗakin da abincin. Suka hayayyafa, 'ya'ya suka ɗauko iyaye, yau ga ɗaki cike da jikokin masu tauri.

Na ce, “Malam, ka gani da idonka?”

Ya yi dariya ya ce ba wanda ya zauna a gindin gado shekara uku yana kallo. Ya ce amma bayani ne da yake gaya maka abin da za ka tarar tun kafin ka buɗe. Ka buɗe nan ka tarar, wani ya buɗe can ya tarar, har ya zama mutane da yawa sun nemi su kayar da shi sun kasa. In kuwa wata rana ka buɗe ba ka tarar ba, to ko dai wajen dubawa ka yi kuskure, ko bayanin yana bukatar gyara, kuma tilas ka bincika ka san wanne ne. Yanzu jikokina 'yan makaranta suna kiran irin wannan bayani nazariyya. Nakan ji a rediyo wani yana cewa ai nazariyya ce kawai, kamar yana nufin zancen shan iska, sai in ji kamar in jefar da akwatin. A lokacin dai ni ma ban ba maganar Banufen nan muhimmanci ba, na sa ta a aljihu ne kawai.

Zauren ya cika. Mai gari yana kan buzu, liman a damansa, ƙanen nan mai goro ya harɗe a gefe. Na tsuguna na yi gaisuwa.

Mai gari ya ce, “Helma, mutane sun ce abin da kaka fesa muna ba magani ba na. Mi kac ce?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, magani na, shi na dai na bara da na bara waccan. Ƙazunzumin na yas sake.” Ƙazunzumi muke ce wa kuɗin cizo a can.

Na kawo bayanin Banufe, amma tsoro ya sa na kawo shi a birkice, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ban kai ƙarshe ba ƙanen mai gari ya tafa hannu.

“Kun ji ko? Wagga magana na san ta, Kurmi nij ji ta. Ita ta maganar waɗanda ka cewa halitta na sakewa da kanta, wai kakan mutum biri na. Yau ƙazunzumi ya sake, gobe shi ce muna mu ɗiyan biri na. Ga sata, ga kafirci.”

Zauren ya ɗauki salati. Ni wallahi ban taɓa jin zancen birin nan ba sai ranar, kuma daga baya da na tambayi masana sun ce su ma ba haka suka faɗa ba. Amma wa zai tsaya ya saurara? Na shigo ana tuhumata da abu ɗaya, ga shi ƙofar da zan fita ta cikinta an mai da ita laifi na biyu. Na dubi surukina a cikin taron, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Liman ne ya ɗaga hannu. Tsoho ne mara yawan magana, yana da garken tumaki da yake ji da su.

Ya ce, “Ɗana, tsaya. Kac ce ƙazunzumi guda, wanda Allah yah halitta, shi na yaz zama wani abu?”

Na ce, “A'a, Allah gafarta malam. Ko guda bai zama komi ba. Masu rauni sunka mutu, masu ƙarfi sunka haifu.”

Ya shafa gemu. Ya ce shekarar da ciwo ya shiga tumakinsa, waɗanda suka tsira su ne iyayen garkensa na yau, kuma bai ga kafirci a nan ba. Amma ya ce wannan ba ta wanke ni daga sata ba, don maƙaryaci ma yana iya kawo zance mai daɗin ji. Yaya za a gane?

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce feshinmu bai taɓa kaiwa wani ƙauye mai nisa da ake kira Fakku ba, saboda motar kayanmu ba ta iya shiga hanyar. In maganata gaskiya ce, kuɗin cizon Fakku bai taɓa gamuwa da magani ba, masu raunin suna nan cikinsa. A ɗebo shi, a ɗebo na garin nan, a fasa gwangwanin da mai gari ya zaɓa da kansa, a fesa a kwano biyu, a zuba su. Na Fakku zai mutu, namu zai rayu. In duka suka rayu, to farar ƙasa ce, a kai ni inda za a kai ni.

Na faɗa da ƙarfi kamar wanda ya taɓa gwadawa sau goma, alhali ko sau ɗaya ban taɓa gani ba. Na ɗauki maganar mutum ɗaya, wanda ko garinsu ban sani ba, na jingina wuyana a kanta.

Aka aiki baran nan mai furfura Fakku a kan doki, da 'yar gora da tsumman toshewa. Aka ce kada in bar gari. Ran kwana huɗu ya dawo. A gaban jama'a aka fasa gwangwani, liman ya dama da hannunsa, na fesa cikin sababbin kwanuka biyu, aka bari suka bushe a inuwa. Aka zazzage ƙwarin, na Fakku a dama, namu a hagu, aka rufe da faifai, liman ya kai su zaurensa ya ce sai gobe da hantsi.

Da hantsin aka buɗe na hagu, namu suna ta yawo abinsu, kamar yadda na ce. Aka buɗe na dama. Su ma suna ta yawo, 'yan kaɗan ne kawai suka kwanta.

Ƙanen mai gari murmushi kawai ya yi, kuma gara a ce zagina ya yi. Mai gari ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a haɗa ni da takarda zuwa wurin hakimi, daga can kuma abin da hukuma ta gani. Ya ce saboda darajar surukina ba za a ɗaure ni ba kafin ranar. Kwana biyar suka rage.

Na dawo gida ta bayan gari don kada in haɗu da kowa, amma duk da haka sai da yara suka bi ni da “jikan biri”. Mutanena shida, biyu sun tattara sun koma Dogon Daji ba sallama, sauran suka daina haɗa ido da ni. Na zauna a gindin rumbu ina ta juya abin. Ko Banufen nan zancen banza ya yi mini? Ko wani can sama ya musanya gwangwanayen tun kafin su iso hannuna? Ko wanne ne, ƙuguna ne igiya za ta kama. Har na fara tunanin wanne takalmi zan sa wanda ba zai tsinke a hanya ba. Maganar da ya yi mini, cewa in ba ka tarar ba ka bincika ko wajen dubawa ka yi kuskure, ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Tsoro ya toshe mini kai gaba ɗaya.

Matata tana surfe, 'yar tana bayanta. Can ta jingine taɓarya.

“Malam, wa anka aika Fakku?”

Na gaya mata.

“Gidan wa yash shiga?”

Na ce ina ruwana da gidan da ya shiga, Fakku ai Fakku ce. Na faɗa da tsawa, don fushin da na kasa yi a zaure shi na kawo mata gida.

Ba ta kula da tsawar ba. Ta ce, “Kai, in baƙo yai sallama ƙofar gidanka yac ce ka ba shi ƙazunzumin ɗakinka, cewa za ka yi kana da shi?”

Ban taɓa tunanin wannan ba, haka ma duk mazan da suka cika zauren nan. Wa zai yarda a gaban baƙo cewa shimfiɗar matarsa tana da kuɗin cizo?

Ta ce, “Ƙanwar baran nan ta sake aure Fakku watan jiya. Da gadonta tat tafi, da tabarminta, da matasan kai. Ni nit taya ta ɗaurin gadon. Kuma gadon nan, Malam, kai kaf fesa shi da hannunka.”

Mace ba ta shiga zauren mai gari da magana, saboda haka ta saɓa goyonta ta nufi gidan liman ta wurin matarsa. Bayan la'asar liman ya kira baran shi kaɗai, ni ina laɓe a soro na biyu kamar ɓarawon da ake cewa ni ne. Dattijon bai ɓoye komai ba, don bai ma san ya yi wani abu ba. Ya ce gida uku ya yi sallama, kowanne aka ce masa gidansu tsaf yake, a na ukun har maigidan ya ɗauko sanda. Da ya ga zai dawo hannu wofi sai ya aika wa ƙanwarsa, ta kakkaɓo masa daga gadonta.

Ya ce, “Allah gafarta malam, ƙazunzumi ai ƙazunzumi na. Kuma Fakku niɗ ɗebo shi, ban yi ƙarya ba.”

Bai yi ƙarya ba kuwa. Kuɗin cizon garinmu ne ya yi rakiyar amarya, aka je aka dawo da shi gida a kan doki.

Liman ya kai maganar gaban mai gari ya roƙi a sake. Ƙanen ya tashi tsaye, ya ce haka zancen 'yan boko yake, in ya faɗi sai a ce ƙasa ce ba ta daidaita ba, yau gado, gobe tabarma, jibi kuma wani abu. Ina jin haushin mutumin nan har gobe, amma a nan yana da gaskiya, bayanin da kullum yake da hanyar zillewa ba bayani ba ne. Na ce sau ɗaya tak nake roƙo. In aka ɗebo daga gadon da bai taɓa barin Fakku ba suka rayu, ba sai an nemi igiya ba, da ƙafata zan tafi. Mai gari ya ɗaga tafiyar zuwa kasuwa ta gaba.

Wannan karon mace aka aika, gwaggon matata, tsohuwar dillaliya wadda babu ɗakin da ba ta shiga kuma kunya ba ta taɓa hana ta ciniki ba. Ƙanen mai gari ya ce shi zai raka ta da jakunansa don kada a yi masa rufa-rufa, na kuwa ji daɗin haka. Daga baya ta ba mu labari cewa ba ta tambayi kowa ko yana da kuɗin cizo ba. Ta sami wata tsohuwa da ta haifi 'ya'yanta duka a kan gado ɗaya, ta zauna a bakin gadon ana hira, ta ce wai, 'yar'uwa, wani abu ya cije ni, bari in taya ki kakkaɓewa.

Kwanakin da suka yi a hanya ban ci abincin kirki ba. In na ji kukan jaki sai gabana ya faɗi. Yanzu ba ni da sauran mafaka, na rufe wa kaina ƙofa da bakina. Nakan dubi 'yata tana barci a tabarma in ce ko za ta san fuskata in na dawo. Matata ta wanke mini riguna biyu ta ninke ta ajiye a kan tukunya, ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Suka dawo, aka sake komai kamar na farko, daga gwangwanin nan dai da aka fasa. Kashegari da hantsi zauren ya fi na ranar farko cika, har a kan katanga mutane suke. Liman ya ajiye kwanukan, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifan hagu. Namu suna yawo. Ya kai hannu ga faifan dama, ni kuwa na rufe ido, ba zan ɓoye ba.

Shirun da na ji ne ya sa na buɗe. Suna kwance a gindin kwano, ƙafafu a sama, kamar an watsa ridi. Liman ya girgiza kwanon, suka gangara gefe ɗaya. Aka miƙa wa mai gari, ya duba, ya miƙa wa ƙanensa. A gaban idonsa aka ɗebo su. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa tsinke ya nuna.

“Ga guda biyu suna motsi.”

Na matsa na duba. Gaskiya ne, biyu suna tafiya a kan gawar 'yan'uwansu, lafiyarsu ƙalau. Ya ɗaga kai yana jiran in rikice. Amma a karo na farko tun da aka fara wannan abu, na ga maganar Banufe da idona, ba a kunne ba.

Na ce, “Su na nika faɗi. Ba su taɓa ganin magani ba, kuma ga su. In munka je Fakku munka yi feshi shekara uku, ɗiyansu na za su cika garin.”

Na zaci za a yi sowa, ko wani ya ce Helma ka yi haƙuri. Surukina dai ya ɗago kai ya dube ni, wannan kaɗai na samu. Mai gari ya karɓi kwanon ya ajiye a gabansa, yana kallon biyun nan suna zagaya gindinsa. Mutum ne da ya binne 'ya'ya huɗu kafin zuwanmu, bayan zuwanmu kuwa bai binne ko ɗaya ba.

Ya ce, “Helma, sauro fa?”

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce, “Ranka shi daɗe, malamin da yag gaya mani wagga magana, kan sauro yay yi ta.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ba za a rubuta takarda ba, in koma bakin aikina. Har na yunƙura zan tashi sai ya ƙara magana, ba da ƙarfi ba, kamar da kansa yake yi.

“Da ka sata, da ya fi muna. Ɓarawo ana kama shi a kawo wani.”

Na fito ba igiya a ƙuguna, kuma ban ji daɗin da na yi tsammani ba. Hadarin farko ya haɗo ta gabas, iska tana ɗauke da ƙanshin ƙasa, manoma suna ta murna a hanya. Na shiga gida, matata ta dubi fuskata ta gane, ta sauke rigunan nan biyu daga kan tukunya ta mayar cikin adaka. Na shiga ɗaki inda 'yar take barci. Bangon fari fat da maganin da na fesa sau biyu da hannuna, magani na gaskiya, yanzu kowa ya shaida. A daidai saman kanta wani sauro yana zaune a kan farin, cikinsa ja da jini. Na tsaya ina jira ya faɗo. Na jira har ƙafata ta gaji, sannan ya tashi ya fita ta ƙofa.